Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Makarantun Firamare Da Masu Tsara Manhaja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamaina, bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ina yi muku sannu da ɗawainiyar 'ya'yanmu da kuke ɗauke da ita kullum. Ni uba ne, ina da yarinya 'yar shekara 9 a aji huɗu. Ban taɓa riƙe alli ba, ban taɓa tsayawa gaban aji cike da yara tun safe har azahar ba, don haka ban zo koya muku aikinku ba. Abin da na gani a cikin jakar 'yata ne ya hana ni yin shiru, kuma masu iya magana sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Wani dare ta zazzage jakar a gabana tana neman fensirinta, littattafan rubutu suka zubo. Na shiga ɗauka ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. A littafin lissafi suna kan darasin rabi da sulusi da rubu'i. Ta zana da'ira ta raba ta gida huɗu, ta shafe gida ɗaya da fensir, malam ya sa mata maki da jan biro. A littafin kimiyya sun kwafa daga allo cewa duniya tana gama zagaye rana cikin kwana 365 da rubu'in kwana. A littafin nazarin zamantakewa kuma sun jera watanni 12 da kwanakin kowanne, an ja layi a ƙarƙashin Fabrairu: kwana 28 ne, amma duk shekara huɗu yakan zama 29. Na duba kwanan watan da ke saman shafukan, duka ukun cikin mako biyu aka yi su.

Na ce mata, "Me ya sa Fabrairu ke samun ƙarin kwana?" Ta ce, "Haka malama ta ce, Baba." Na ce, "To wannan rubu'in kwanan da kika rubuta a kimiyya fa, ina yake zuwa idan shekara ta ƙare?" Ta yi shiru tana kallona. Sai na jawo da'irar nan tata na ajiye a tsakaninmu, na ce ta ɗauka kwana ɗaya ce. Bana an ajiye gida ɗaya, baɗi an ajiye ɗaya, baɗin baɗaɗa ɗaya, shekarar da ke biye ɗaya. Ta bi gidajen da yatsa tana ƙirgawa a hankali, da ta zo na huɗu sai ta tsaya, ta ɗago kai da sauri ta ce, "Baba, ashe shi ne kwanan Fabrairu!" Ta tashi a guje ta je ta faɗa wa mahaifiyarta kamar wadda ta tsinci zinariya.

Na ji daɗi a daren nan, amma da na kwanta abin ya tsaya min a rai. Duk abin da take buƙata yana cikin jakarta. Malamanta uku kowa ya yi aikinsa tsakani da Allah, babu wanda ya yi ha'inci, babu abin da aka koya mata ba daidai ba. An yanka mata ƙyallaye uku masu kyau, ba a sami wanda ya ɗinke mata su ba. Ta yi sa'a a daren ina gida kuma na lura. Sauran 'yan ajinsu fa, waɗanda iyayensu ba su yi karatu ba, ko neman abin rufin asiri bai bar musu sukunin duba jaka ba?

Na san dalilin da ya sa ake yanka yinin makaranta gunduwa-gunduwa. Dole a san malamin da zai shiga wane aji a wane lokaci, dole kowane fanni ya sami gurbinsa a katin sakamako. Jadawalin darussa kayan aikin manya ne, kuma yana da ranarsa. Sai dai kan yaro ba shi da ɗakuna. Idan aka buga ƙararrawa aka ce a rufe littafin lissafi a buɗe na kimiyya, abin da yaro ke ɗauka, ko ba a faɗa masa ba, shi ne rubu'in ɗazu ya tafi ke nan, wanda ke kan allo yanzu wani ne daban. Da haka yake tasowa da ilimi a ƙulle cikin ƙananan ƙunshi, kowanne sai ranar jarrabawarsa a kwance shi, a gama a watsar.

Watsarwar ma ba da gangan yara ke yi ba. Tun a 1885 wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Ya riƙa haddace gaɓoɓin sauti marasa ma'ana yana auna yadda suke zubewa daga kansa, ya tarar yawancinsu cikin sa'o'i da kwanakin farko suke tafiya, sai fa idan an riƙa komawa kansu lokaci bayan lokaci. Jimlar da yaro ya kwafa daga allo ba tare da ta jingina da wani abu da ya sani ba, ba ta da maraba da waɗancan gaɓoɓin. Amma idan rubu'i ya tarye shi a lissafi ran Litinin, ya sake tarye shi a kimiyya ran Laraba, ya kuma same shi a kalanda mako mai zuwa, kuma kowane malami ya ce masa "ka tuna wannan?", to an yi masa bita sau uku ba tare da an ƙara minti ɗaya a jadawali ba.

Bari in kawo misalin abin da nake nufi, wanda ba ya buƙatar ɗakin gwaje-gwaje ko wutar lantarki. A kafa sanda a tsaye a filin makaranta. Yara su fita da rula da ƙarfe 9 na safe su auna tsawon inuwarta, su sake da ƙarfe 11, da tsakar rana, da kuma gab da tashi. Awon santimita ke nan, da karanta agogo. Su zuba abin da suka samu a jadawali, su debe wannan daga wancan su ga nawa inuwar ta ragu. Za su lura da safe inuwar yamma take fuskanta, bayan rana ta karkata kuma ta koma gabas, darasin kusurwoyin duniya na labarin ƙasa ya shigo da ƙafarsa. Su tambayi kansu, ranar ce ke tafiya ko mu ne ke juyawa, nan malamin kimiyya ya sami ƙofar bayanin jujjuyawar duniya cikin awa 24. A darasin harshe su rubuta jimla biyar kan abin da idonsu ya gani, ba abin da aka rubuta musu a allo ba. A darasin zane su zana sandar da inuwoyinta huɗu.

Idan an gama sai a ba su labarin Eratostenis, malamin nan Bagirke da ya shugabanci babban ɗakin karatu na Iskandariyya a Masar. Wajen shekara 240 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, ya sami labarin cewa a can kudu, inda garin Aswan yake a yau, akwai ranar da rana ke tsayawa daidai bisa kai, har abin da aka kafa a tsaye ya rasa inuwa. A wannan ranar kuwa a Iskandariyya sanda tana yin 'yar inuwa. Ya auna karkatar ya tarar kashi ɗaya ce cikin 50 na da'ira, wato digiri 7.2 a awon yau. Sai ya ce ashe tazarar da ke tsakanin garuruwan biyu ita ma kashi ɗaya ce cikin 50 na kewayen duniya. Ya ninka tazarar sau 50, ya sami adadin da ya kusanci kilomita 40,000 ɗin da muka sani yanzu. Ku dubi fuskar yaron da ya yini yana auna inuwa a lokacin da aka ce masa da irin sandar nan tasa aka auna duniya. Ba na jin zai manta da wannan darasin har ya tsufa.

Ko darasin motsa jiki, wanda sau da yawa ake mayar da shi lokacin hutun malamai, yana da abin bayarwa. Yara su ɗora yatsu biyu a wuyan hannu su ƙirga bugun jini na daƙiƙa 15, su ninka sau 4 su sami na minti ɗaya. Ga rubu'in nan ya sake dawowa. Su yi gudu su zagaye fili su sake ƙirgawa, su ga ya hau, a yi musu bayanin cewa tsokar da ke aiki tana neman ƙarin iskar oksijin, zuciya kuma ita ke turo mata a cikin jini.

Tarihi ma haka. Muna sa yara haddace sunayen shugabanni da shekarun mulkinsu, amma ba mu ba su tarihin abin da ke hannunsu kullum. Lambobin nan da suke rubutawa daga Indiya suka taso. A shekarar 628 wani masanin lissafi na Indiya mai suna Barahmagupta ya rubuta ƙa'idojin lissafi da sifili, a ƙarni na 9 kuma Alhawarizmi a Bagadaza ya yi bayanin wannan tsarin ƙirga da Larabci, daga nan ya bazu. Kalmar sifili kanta daga Larabci muka aro ta. Yaron da ya ji wannan ya san lissafi ba daga allo ya tsiro ba, mutane ne irinsa suka zauna suka yi tunani, aka miƙa hannu zuwa hannu har ya iso gare shi.

Yanzu sai in zo kan abin da ya fi damuna, wato karatu. 'Yata idan ka ce mata 48 a raba da 6, kafin ka rufe baki ta ce 8. Amma na ga wata tambaya a littafinta: malami yana da fensir 48, ya raba wa yara 6 daidai wa daida, nawa kowanne ya samu? Ta rubuta 54. Na tambaye ta yadda aka yi, sai ta nuna min da yatsa. Ba ta karanta jimlar ba, tsallake kalmomin ta yi ta tsinci lambobin biyu ta tara su. An sa mata sifili a lissafi, alhali lissafin ba shi ya kayar da ita ba. Tambayar an rubuta ta ne da harshen da ba shi muke yi a gida ba, da na maimaita mata da bakinmu nan take ta ba ni amsa.

Wannan ba matsalar gidana kaɗai ba ce. A 2019 Bankin Duniya ya fitar da ƙiyasin cewa kashi 53 cikin 100 na yaran ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki ba sa iya karanta gajeren rubutu mai sauƙi su fahimce shi a shekara 10 da haihuwa. A 2022, bayan rufe makarantun da annobar korona ta jawo, aka ƙiyasta adadin ya kai kashi 70. Yaron da ke cikin wannan hali duk darasin da ya shiga a rufe yake a gare shi. Yana kwafar bayanin tsiro da ruwa da taswira kamar mai zanen ado, hannunsa na aiki, kansa na waje. Shi ya sa nake ganin kowane malamin firamare malamin karatu ne, ko kimiyya yake koyarwa ko lissafi. Tun 1953 kuma hukumar UNESCO ta ba da shawarar cewa harshen da ya fi dacewa a fara koyar da yaro da shi shi ne harshen uwarsa. Ko inda doka ko hali ya sa ake koyarwa da wani harshe, babu abin da zai hana malami ya tsaya ya tabbatar yaro ya gane abin da ake tambayarsa da harshen da yake tunani da shi, sannan a koma.

Sai dai ina roƙonku kada maganin ya zama wata cutar. Idan aka ga yara ba sa iya karatu, abin da ake saurin yi shi ne a zaftare lokacin kimiyya da tarihi da zane a ƙara wa darasin harshe. A 'yan aji ɗaya da biyu, waɗanda ke koyon haɗa baƙi da wasali, na yarda a ba wannan kaso mafi tsoka. Amma daga inda yaro ya iya furta abin da ke kan takarda, fahimtarsa ta dogara ne da abin da ya riga ya sani game da duniya. A 1988 wasu masu bincike biyu a Amurka, Donna Recht da Lauren Leslie, sun ba 'yan ƙaramar sakandare 64 wani rubutu kan besbol, wasan ƙwallo da ake bugawa da sanda. Yaran da ake ɗauka raunana ne a karatu amma sun san wasan, sun fi gane rubutun a kan gwanayen karatun da ba su san wasan ba. Ashe yaron da ya taɓa shuka iri ya ga saiwa ta fito, shi zai fahimci shafin da ke magana kan tsiro. Duk wanda ya rage masa kimiyya da tarihi don ya iya karatu, ya rage masa abin da zai fahimci karatun da shi.

Kada kuma a ɗauka ina cewa a rushe fannoni a cakuɗa komai. Wajen 2015 labari ya yi ta yawo cewa ƙasar Finlan ta soke darussa ɗaiɗai a makarantunta. Ba haka ba ne. Manhajarsu da ta fara aiki a 2016 ta bar lissafi a matsayin lissafi, harshe a matsayin harshe, abin da ta wajabta shi ne kowace shekara ɗalibi ya yi aƙalla aiki ɗaya mai tsawo da ya haɗa fannoni da dama. Lissafi yana da tsaninsa, ba a hawa matakin rabawa sai an taka na sau, kuma jadawalin sau dole a haddace shi, babu wata dabara da za ta maye gurbin wannan. Haɗin dole ma ba shi da amfani. Idan aka ce jigon makon nan ruwa ne, sai aka sa 'yan aji huɗu ƙirga ɗigon ruwa a hoto aka kira shi lissafi, an ɓata musu lokaci ne kawai. Alaƙar da nake magana a kanta tana nan tun asali, kamar ta rubu'i da Fabrairu, nuna ta kawai ake buƙata.

Ku masu tsara manhaja, nauyin farko a wuyanku yake. Na lura kowane fanni kamar kwamitinsa daban ne ya zauna ya rubuta shi, kowa yana ƙoƙarin cusa duk abin da yake ganin muhimmi ne. Sakamakon shi ne malami yana gudu yana waiwaye don ya ƙure manhaja kafin ƙarshen zango, taura biyu kuwa ba ta taunuwa, balle goma. Ku rage yawan batutuwa, ku bar wa malami sarari ya zauna a kan abu har ya nuna. Sannan ku shimfiɗa manhajar aji ɗaya gaba ɗayanta a kan teburi guda, ku duba jerin. Kada a kawo ma'aunin taswira a labarin ƙasa a zangon farko alhali sau ɗin da ake buƙata don gane shi sai zango na uku za a koyar. A gefen kowane batu ku rubuta wa malami layi ɗaya: wannan yana haɗuwa da abu kaza a fanni kaza, mako kaza.

Ku kuma shugabannin makarantu, abin da ke hannunku ya fi sauƙi, kuma ba sai kun jira kowa ba. Ku ware wa malaman da ke shiga aji ɗaya awa guda duk mako biyu, a cikin lokacin aiki ba bayan an tashi ba, su zauna kowa ya faɗi inda yake da inda zai dosa. Da malaman 'yata uku sun yi irin wannan zaman na minti 10, da a aji za ta gano sirrin Fabrairu tare da ƙawayenta. Inda malami ɗaya ke riƙe da aji a duk fannoni abin ya fi sauƙi ma, ƙarfafa masa gwiwa kawai yake so, da tabbacin cewa ba za a tuhume shi ba idan mai duba makarantu ya shigo ya tarar ana auna inuwa a lokacin da jadawali ya ce lissafi. Na san ajujuwa sun cika, na san malami yana komawa gida da tarin littattafan da zai duba, shi ya sa ban nemi a ƙara masa kaya ba.

Ku duba jarrabawa ma, domin abin da ake tambaya shi ake koyarwa. Muddin tambayar ita ce "Fabrairu kwana nawa ne?", hadda ta wadatar. Ku sa ko tambaya ɗaya ce a kowace takarda da ke cewa "me ya sa?", a bar wa yaro layi uku ya yi bayani da kalmominsa.

Mu iyaye kuma ku jawo mu ciki. Katin sakamako yana gaya min 'yata ta ci 62 a kimiyya, amma ba ya gaya min me ta koya. A farkon kowane zango ku aiko mana da shafi ɗaya cikin harshen da muke ji: ga abin da aji huɗu za su yi a lissafi, ga na kimiyya, ga na harshe, ga inda suke haɗuwa, ga tambayoyi biyu ko uku da za ku iya yi wa yaro a gida. Uwar da ba ta iya karatu ba ma, idan aka karanta mata, za ta iya cewa ɗanta ya nuna mata inda inuwa ke faɗuwa da safe.

Maganar Fabrairu ba ta ƙare a daren nan ba. Washegari ta zo min da takarda ta jera shekarun da 4 ke raba su ba saura: 2024, 2028, 2032, ta yi ta tafiya har 2100. Na ce mata ta cire ta ƙarshen. Na yi mata bayanin cewa rubu'in nan bai cika cif ba, ya gaza da kimanin minti 11 a kowace shekara, kuma mintocin sun yi ta taruwa tun zamanin Yuliyas Kaisar, shugaban Rumawan da ya kafa tsohuwar kalanda, har a 1582 Paparoma Giregori na 13 ya sa aka tsallake kwana 10, aka kwana ran 4 ga Oktoba aka tashi ran 15. Daga nan aka ƙa'ide cewa shekarar da ke cika ƙarni ba ta samun ƙarin kwana sai idan 400 na raba ta, shi ya sa 2000 ta samu, 1900 ba ta samu ba, 2100 ma ba za ta samu ba. Ta ce tana so ta lissafa da kanta shekara nawa minti 11 ke ɗauka kafin su zama kwana guda, amma rabawar ta fi ƙarfinta. Ta tambaye ni, "Baba, wa zan kai wa, malamin lissafi ko malamar kimiyya?" Na ce ta kai wa duk wanda ta fara haɗuwa da shi. Takardar tana cikin jakarta, ran Litinin za ta zo muku da ita.

Allah Ya saka muku da alheri, Ya ƙara muku haƙuri da juriya.

Wassalam.

Naku,
Mahaifin wata ɗaliba 'yar aji huɗu